Ranar da Ayari Ya Bi Maiturare

Sadisu Maiturare ya kai shekara arba'in da uku bai taɓa tuƙa abin da ya fi babur girma ba, amma hakan bai hana shi koya wa direbobi tuƙi ba. Shekara goma sha biyar yana zaune a shagonsa na turare a bakin tashar Birnin Gwari, kuma duk motar da ta kafe a daji ya san dalili. Dalilin kullum ɗaya ne: ba shi ne a sitiyari ba.

A farkon wata damina sai ya sayar da shagon, da kwalabe da benci da komai, ya tafi Kaduna aka rako shi gida da mota. Fowil ce mai buɗaɗɗen baya, fara, irin wadda in an so take ja da ƙafa huɗu. Ta bi ta hannu uku ko huɗu kafin ta zo nasa, kuma kowane hannu ya bar mata shaida. Ya yi mako uku yana zagaya filin ƙwallon firamare da ita, har ya daina taka ragar gola, sannan ya sanar cewa ya ƙware.

Ba don ado ya saye ta ba, aiki ya hango. Akwai Mama Alice, shugabar ƙungiyar mata manoman shinkafa ta wani ƙauye a yankin Kazage. Shekara da shekaru Obed ne ke yi musu jigila da wata tsohuwar akori-kura da ake ɗaure ƙofarta da igiya. Maiturare ya yi ta zarya wurin Mama Alice har ta gaji.

"To, ɗana, na ji," in ji ta. "Ranar Alhamis ta sama muna da taki buhu arba'in. Ka tsallakar mini da su rafinmu a bushe, jigilar shekara taka ce, taki a shiga, shinkafa a fita. In ruwa ya taɓa su, Obed yana nan da igiyarsa."

"Mama, rafi kuma? Ki ce kogi."

"Rafin dai na ce."

Da ya kawo labarin gida, matarsa Saude ta saurara har ƙarshe tana tsince wake.

"Baban Zakiyya, in ba a tsallaka ba fa?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Tambaya ce. Shago dai babu. Ina so in san ko motar za mu riƙa dafawa."

Washegari ya shigar da motar bayan shingen kwanon Hamza, wanda ke haɗa kanikanci da walda, ya ce kada kowa ya gan ta sai ranar Alhamis, don gari ya sha mamakin gaba ɗaya. Hamza ya buɗe gaba, ya shiga ƙasa, ya fito yana goge hannu.

"Maigida, ka yi sa'a. A sake mata baƙin mai, a sa tayoyi masu haƙori, a canza takalmin birki, shi ke nan. Za ta kai ka Gwaska ta dawo."

"Shi ke nan? Haka tsirara?"

"Ai mota ce."

"Kai bakanike ne, Hamza, ciki ka sani. Waje nawa ne."

Aka fara da ƙarfen gaba. Wanda ake sayarwa a Kaduna bai yi masa ba, wai ba shi da kwarjini. Ya ɗauko kan gadon ƙarfen da Saude ta gada wurin kakarta, mai zanen furanni da tsuntsaye biyu, ya sa Hamza ya liƙa shi a hancin motar. A kan gadon aka ɗaure winci, wato injin nan mai igiyar waya da mota ke jawo kanta da shi in ta kafe.

"A jikin shasi, ƙashin motar, ake ɗaure shi," in ji Hamza. "Wannan gado ne."

"Gadon da ya ɗauki kakar Saude shekara hamsin? Ka san kakar Saude kuwa?"

Hamza ya tuna, ya ɗaure.

Sai fitilu shida a kan rufi. Sai eriya biyu masu tsawon gora, ko da yake rediyon motar ta mutu tun a hannu na biyu. Sai bututun numfashi, irin wanda ya gani a waya ana sa wa motocin da ke shiga ruwa. Ya sayo fayif na famfo, aka shafa masa baƙin fenti, aka kafa shi a gefen gilashi. Hamza ya tambaya ko a haɗa shi da inji, Maiturare ya ce ba sai an huda masa mota ba, ai iska ta san hanya. Aka manna baƙar leda a gilasai har sai da rana ta koma kamar wata in kana ciki. Aka sa oda mai murya bakwai: akwai kukan zakara, akwai kiɗan biki, ta bakwai kuma jiniya ce. Wannan Saude ta rantse in ya gwada ta a unguwa za ta tafi gidansu da awakinta.

Saura wuri ɗaya. Ya sayo kular ruwan sanyi, yana so ta zauna a tsakiya inda hannunsa zai kai, amma akwai wata gajeriyar sanda kusa da sandar giya da ta tare wurin.

"Yanke wannan."

Hamza ya ɗaga gilashin waldarsa. "Wacce?"

"Ƙaramar. Mako uku ina tuƙi ban taɓa ta ba, sai bugun gwiwa."

"Maigida, ai ita ce fowil ɗin. In ba ka ja ta ba, ƙafa biyu kawai ke aiki."

Maiturare ya kamo hannunsa ya zagaya da shi motar yana nuna tayoyi. "Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Ga fowil nan a ƙasa kowa yana gani. Wanne ne ba ya juyawa in ina tafiya?"

"Juyawa daban, ja daban."

"Hamza, ni na je Kaduna ko kai?"

Hamza ya yanke. Da yamma Maiturare ya jefar da sandar a tsakar gida. Saude ta ɗauka, ta juya ta, ta ga ƙarfe ne mai kauri da ƙulli a kai, ta zura ta a ƙofar garken awaki ta zama sakata.

"Ka ga," in ji ta, "motar ta fara amfani."

Ranar Laraba Obed ya leƙo ta saman shinge, ya tarar ana shafa wa motar koren fenti mai duhu, ragowar wanda aka yi wa ƙofar wata makaranta. Ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, sannu da aiki. Yaƙi za a je ko taki za a kai?"

"Obed, ka fara neman wanda zai sayi igiyarka."

"Ina nema. Amma in ka zo rafin, ka bi ta hagu. Akwai duwatsu a ƙasa."

"Duwatsu na masu akori-kura ne. Ni ta tsakiya zan bi."

"Allah ya kai mu," in ji Obed, ya sauka.

A nan sai an tuna yadda tafiya take a waɗannan shekarun. Mai hankali ba ya kama hanyar Funtuwa shi kaɗai, saboda 'yan bindiga. Tun safe motoci ke jeruwa a bakin gari suna jiran rakiyar sojoji, kuma ayari yana da dokokinsa da ba a rubuta ba. Ba a wuce motar rakiya. Ba a yi mata oda. In ta yi gudu a yi gudu, in ta karkata a karkata, kuma ba a tambaya, don soja ya san abin da ya gani. Wanda ke tsare wannan doka shi ne Wakili, tsohon direban bas da kullum ke kan gaba a layi. In ya daki rufin bas ɗinsa sau uku, an tashi ke nan.

Ranar Alhamis rakiya ta makara. Rana ta take, masu albasa suna tsaki, fasinjoji sun cinye ƙosan masu talla sun koma kan rake. Sai ga Maiturare ya fito daga wani lungu, taki buhu arba'in a baya, Mama Alice a gefensa da jakarta a cinya.

"Shiga layi, ɗana," in ji ta.

"Layi? Mama, mota irin wannan ba ta jiran rakiya."

"Ni ina jira."

"Bari dai su ba mu hanya." Ya kai hannu zai danna kukan zakara, yatsansa ya sauka a kan ta bakwai.

Abin da Wakili ya gani a madubi shi ne koriyar fowil mai baƙaƙen gilasai, fitilu shida a kunne, eriya biyu suna rangaji, jiniya tana tsaga kunne. Ya tofar da raken bakinsa, ya daki rufi sau uku. Masu fitsari suka katse, masu salla suka sallame, mota arba'in da uku suka tashi a bayan Sadisu Maiturare.

Sun yi nisa kafin Mama Alice ta waiwaya.

"Sadisu."

"Na'am, Mama."

"Ana bin mu."

Ya duba madubi, ya ga ayari har iyakar ganinsa. Ya yi murmushi. Ya gyara hula.

"Na faɗa musu. Shekara goma sha biyar ina faɗa musu."

"Sun ɗauka soja ne kai."

"Sun dai san mota in sun gan ta."

"Ka tsaya ka gaya musu."

"In tsaya a tsakiyar daji da mutane a bayana? Mama, shugabanci ba a yin sa haka."

Ya ƙara gudu, suka ƙara. Ya rage don ya sha ruwan kula, mota arba'in da uku suka taka birki. Ya kauce wa wani rami ta dama, kowa ya kauce ta dama, har da waɗanda ramin ba ya gabansu. Da suka iso mararrabar da ake barin kwalta a shiga hanyar ƙauyen su Mama Alice, ya karya kan mota ya shiga.

A cikin bas wata fasinja ta ce, "Direba, wannan ba hanyar Funtuwa ba ce."

"Hajiya, yi shiru," in ji Wakili. "Sun sami labari. Akwai wani abu a gaba."

Maganar ta bi ayari daga mota zuwa mota tana ƙara ƙiba. A mota ta goma an tare kwalta. A ta ashirin an ga mutum ɗari a kan babura. A ta arba'in wani malami ya fara raba wa mutane addu'o'i, ana yi wa sojoji fatan alheri. Haka tireloli da bas-bas da motocin albasa suka dinga kutsawa cikin hanyar da aka yi don amalanke, gona a hagu, gona a dama, babu wurin juya ko keke.

A bakin rafi, can ƙetare, matan ƙungiya sun taru da gammo suna jiran taki. Obed yana zaune a kan hancin akori-kurarsa, wadda ta tsallaka tun da hantsi ta kan duwatsun hagu. Da suka ji jiniya wasu suka fara tattara zane, sai Obed ya hango tsuntsayen gadon.

"Ku zauna," ya ce. "Taki ne."

"Ta hagu," in ji Mama Alice.

"Riƙe jakarki, Mama."

Ta tsakiya ya bi. Motar ta shiga da ƙarfinta, ta raba ruwa biyu, ta yi taku kamar goma cikin mutunci. Daga nan tayoyin baya suka fara haƙa, na gaba kuma suka tsaya suna kallo. Ya taka totur, baya ya nutse. Ya ƙara takawa, ya ƙara nutsewa. Ruwa ya shiga wayoyin odar, jiniya ta ƙi mutuwa, sai dai ta koma wani irin kuka kamar na akuyar da ta sha kanwa, zakara yana amsa mata jefi-jefi.

Ayari ya tsaya cak. Minti goma babu wanda ya yi tari, don ba a koya wa soja aikinsa. Da abin ya ƙi ƙarewa, Wakili ya naɗe wando, ya shiga ruwa, ya tsaya a gefen baƙin gilashin ya ƙame, ya sara.

"Ranka ya daɗe, Oga, a yi haƙuri. Da an sa fowil."

Wakili ya ƙara matsowa kusa da gilashin.

"Ƙaramar sandar nan, ranka ya daɗe. A ja ta baya."

Gilashin ya ƙi sauka saboda ledar ta naɗe a ciki. Aka buɗe ƙofa kaɗan. Kafin a ga fuska, wani ƙamshi ya fito, haɗin miski da sandal da wani abu mai kama da lemo, wanda mutum ɗaya ne tak ke haɗa shi a ƙasar Birnin Gwari. Hannun Wakili ya sauko daga goshi a hankali.

"Wannan ƙamshin na san shi."

"Wakili, sannu da ƙoƙari," in ji Maiturare. "Ku kwantar da hankalinku, komai yana hannu."

"Sadisu? Sadisu mai turare? Kai muka biyo?"

"Ni na ce ku biyo ni?"

"Ina farar motar?"

"Ita ce. An gyara ta."

Wakili ya juya ya fuskanci ayari. "Jama'a! Ba soja ba ne! Mai turare ne!"

Wannan labarin bai ƙara ƙiba a hanya ba, don ba ya bukata. Mutane suka sauko suka cika gaɓa. Mai albasa yana tambaya wa zai biya shi, Hajiyar bas tana cewa ita dai ta faɗa, malamin mota ta arba'in yana neman a dawo masa da addu'o'insa.

Mama Alice ta juya. Ta leƙa baya, ta ga ruwa ya hau buhunan ƙasa, wani farin kumfa yana bin rafi.

"Sadisu, takina yana tafiya Kazage ba tare da mu ba."

"Yanzu za ki ga aikin winci. Obed! Kama wannan ƙugiyar ka ɗaura a tsamiyar can!"

"Da gaske, Alhaji?"

"Ɗaura, ka koyi wani abu."

Obed ya ɗaura, ya ja matan gefe, ya ja kansa gefe fiye da su. Maiturare ya danna. Igiya ta miƙe, ta yi ƙara, motar ta yi ɗan nishi. Sai kan gadon kakar Saude ya yi sallama da mota, ya tashi sama da wincinsa da furanninsa da tsuntsayensa biyu, ya dira a gaɓar ƙetare. Shi ne abu na farko daga cikin motar da ya tsallaka rafin, kuma a bushe.

Wata tsohuwa ta yi guɗa. Ba ta yi niyya ba, in ji ta daga baya, fita kawai ta yi.

Ana cikin haka sojojin gaske suka iso a ƙasa. Sun je bakin gari sun tarar babu ayari sai ɓawon rake, suka biyo sawun taya da sauri, suka bar motarsu a bayan ta arba'in da uku. Sajen da ke gaba ya dubi ayari, ya dubi rafi, ya dubi gado. Ya shiga ruwa ya leƙa cikin bututun numfashi, ya ga ruwan rafi ta ɗaya ƙarshen.

"Wace bataliya?" ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, ni farar hula ne."

"Na lura. Ina ƙaramar giyarka?"

Maiturare ya dubi kula. "Tana gida."

"Me take yi a gida?"

"Tana tsare awaki."

Saje ya juya baya na ɗan lokaci, kafaɗunsa suna motsi. Da ya juyo fuskarsa ta koma daidai.

Matan suka shiga ruwa suka kwashe buhunan da suka tsira a ka. Obed ya ɗauko filaya daga akori-kura, ya nemi izinin Mama Alice, ba na mai mota ba, ya tumɓuke kular ya miƙa wa Maiturare ya riƙe. A ƙasa ga guntun sandar da Hamza ya bari, bai fi tsawon yatsa ba. Ya damƙe shi da filaya ya ja baya, wani abu ya ce ƙwas a cikin cikin motar. Ya cire wayar jiniya, duniya ta yi shiru. Ya taka totur kaɗan, motar ta fito daga rafin da ƙafa huɗu, a natse, kamar wadda dama jira take a tambaye ta.

"Mota kam mota ce," in ji Mama Alice. "Zan zo in ga Saude."

"Ni fa, Mama?"

"Kai riƙe kularka."

Saje ya sa aka kwance fitilu da eriya da oda da leda a nan take. Sannan ya nuna ayarin da ba shi da wurin juyawa.

"Kai ka kawo su, kai za ka mayar da su. Da baya za su koma har kwalta, ɗaya bayan ɗaya. Ka shiga bayansu kana nuna musu hanya."

Haka Sadisu Maiturare ya wuni yana tafiya da baya cikin taɓo, yana kaɗa hannu, yana cewa "karya hagu, miƙe, taho, taho, tsaya." Shekara goma sha biyar yana koya wa direbobi tuƙi, ranar ce kaɗai suka saurare shi, kuma kowannensu ya sauke gilashi ya gode masa da kalmomin da ba za su rubutu ba.

Buhu tara ne suka narke. An ce ciyawar bakin rafin ta yi kyau sosai a shekarar.

Ranar Asabar Mama Alice da Saude suka zauna a kan tabarma suka gama magana. Ƙungiya za ta ɗauki hayar motar, Obed zai tuƙa, makulli kuma zai riƙa kwana a ƙugun Saude, sai an fanshe buhu taran nan kafin a fara maganar riba. Saude ta zare sakatar garke ta kai wa Hamza, ya mayar da ita inda Allah ya ajiye ta, yana ta fito yana waldar. Kan gadon ya zama ƙofar garke, ya kuma yi daidai kamar an auna.

"Baban Zakiyya," in ji Saude, "ka ga, babu abin da ya lalace. Kowa ya sami wurinsa."

"Ni ina nawa?"

Ta miƙa masa faranti da kwalaben turare goma sha biyu.

Yanzu yana zagaya tasha da farantin a hannu. In ka tsaya saye zai ba ka labarin ranar da ya ja ayarin mota arba'in da uku cikin daji bai rasa ko ɗaya ba, kuma gaskiya ne, bai rasa ba. Wakili ba ya musa masa, ba ya ma yi masa magana. Sai dai tun daga ranar, duk sa'ad da motar rakiya ta iso bakin gari da jiniyarta, Wakili ba ya dukan rufi nan da nan. Sai ya sauke gilashi, ya fito da hanci, ya shinshina tukuna.